Banɗakin ƙarƙashin ƙasa da ya kasa numfashi

Yadda gidan yake

Gidan bene ne mai hawa biyu, da ɗaki babba a ƙarƙashin ƙasa wanda aka daɗe ana jibge tarkace a ciki. Da iyali suka ƙaru, maigidan ya yanke shawarar mai da rabin wurin ɗakin kwana, ya kuma yi masa banɗaki: masai irin na zama, shawa, da kwamin wanke hannu. Mutum ne mai hannu, ya saba gyaran famfon da ke yoyo da sauya bututun da ya fashe, don haka ya ce da kansa zai yi aikin.

Matsalar farko a fili take. Babban bututun da ke fitar da ƙazantar gidan, mai faɗin inci 4, ya ratsa bango ne a tsayin ƙafa 4 sama da daɓen ɗakin ƙasa. Ruwa ba ya hawa tudu, saboda haka duk abin da za a zubar a sabon banɗakin sai an tara shi a rami mai murfi, sannan inji ya tura shi sama zuwa babban bututun. Wannan ɓangaren maigidan ya fahimce shi sarai. Abin da bai ba muhimmanci ba shi ne iska.

A ƙarƙashin kowane kwami da kowace shawa akwai lanƙwasar bututu mai siffar U, wadda masu sana'ar ke kira tarko. Aikinta riƙe ɗan ruwa, zurfin inci 2 zuwa 4, ya zama toshi tsakanin ɗaki da iskar magudana. Masai shi ma yana da nasa tarkon a cikin jikinsa. Dabarar tsohuwa ce, tun 1775 wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar irinta. Amma wannan ɗan ruwa ba shi da ƙarfi. In iskar cikin bututu ta ja shi, sai ya tafi. In ta turo shi, sai ya ɓalle. Shi ya sa ake haɗa bututun iska wanda ke tashi har saman rufi, don iska ta shiga ta fita yadda take so, ruwan tarko ya zauna lafiya. Kundin ƙa'idojin aikin famfo na Amurka mai suna IPC, wanda yankin da gidan yake ke bi, ya ce bambancin matsin iska a kan tarko kada ya wuce abin da zai motsa ruwa inci 1.

Mako na 1 zuwa na 3: aikin farko

Ya fasa kankare, ya binne ramin roba mai faɗin inci 18 da zurfin inci 30, ya sa inji a ciki. Bututun da ke fita daga injin inci 2 ne, da bawul mai hana ruwa komawa baya. Daga masai zuwa rami ya shimfiɗa bututu mai inci 3. Shawar tana can lungu, sai ya jawo mata bututu mai inci 2, tsawon ƙafa 11, ya haɗe da na masai. Ya kula da gangara sosai, kwatan inci a kowace ƙafa, yana aunawa da ma'aunin ruwa.

Kwamin wanke hannu kuwa, bututunsa mai inci 1½ ya sauko da shi kai tsaye cikin daɓe bayan tarkon, har lanƙwasar ta zama siffar S. Bai yi wa kwamin ko shawar bututun iska ba. A tunaninsa, tunda duka suna zuba a rami guda, kuma ramin yana da ƙofar iska a murfinsa, wannan ta wadatar.

Saura inda zai kai iskar ramin. A jikin bangon da ke kusa akwai wani bututu mai inci 2 da ya sauko daga silin a tsaye. Ya ɗora kunne a kai, shiru. Ya taɓa, a bushe. Ya ɗauka bututun iska ne, ya yanka shi, ya sa mahaɗa mai baki uku, ya jona na ramin a ciki. Bai nemi izinin gini ba, don haka babu jami'in da ya zo ya duba kafin a rufe. Aka zuba kankare, aka manna tayil, aka yi fenti. Ranar gwaji komai ya tafi fes.

Wata na 2: wari

Warin ba kullum ba ne. Wani lokaci a shiga da safe a ji ɗoyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, zuwa rana ya ɗauke. Wannan warin na iskar haidirojin salfaid ne, wadda ke tashi daga ruɓewar ƙazanta. Tare da ita akwai mitan, wadda ba ta da wari amma tana kama wuta in ta taru.

Uwargida ce ta fara lura cewa warin ya fi tashi bayan an cika kwamin an saki ruwan gaba ɗaya. Ruwan na gama wucewa sai a ji wani dogon zuƙa, kamar yaro na tsotse ƙarshen abin sha da tsinke. Ba a ɗauki maganar da nauyi ba.

Abin da aka gwada: ruwan bilic a duk magudanan, sau biyu a mako. Wari ya lafa na yini ɗaya, ya dawo. Sai zargi ya koma kan masai. Maigidan ya kwance shi, ya sauya zoben kakin da ke tsakaninsa da daɓe, ya ɗaure. Tsohon zoben lafiyarsa ƙalau, kuma warin bai fasa ba. Daga nan ya sa fankar jan iska a silin, wadda ta rage abin da hanci ke ji in tana kunne.

Wata na 4: inji yana tashi babu kowa

Wani ɗan'uwa ya zo ya kwana biyu a ɗakin. Shi ne ya yi tambayar da ta buɗe kan zancen: me ya sa injin ke tashi bayan cin abincin dare, alhali babu wanda ya shiga banɗakin? A daidai lokacin kuma shawar ta fara wani sabon hali. In an ja ruwan masai, sai magudanarta ta yi ɓul-ɓul, ɗan ruwa ya fantsamo kan tayil.

Maigidan ya buɗe murfin ramin, ya haska tocila, ya sa a saki ruwa a kicin. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga ruwan kumfa yana ɗigowa ta ƙofar da ya yi don iska. Bututun da ya yanka ashe na kwamin kicin ne. Ranar da ya ɗora kunne, babu mai wanke-wanke.

Ruwan da ke sauka a bututu na tsaye ba ya faɗowa ta tsakiya, jikin bango yake bi yana zagaye, don haka wani kaso yana kaucewa ya shiga mahaɗar. Da ya yanke guntun da ke kwance, ya tarar maiƙo da guntayen abinci sun daskare a ciki, hanyar da ta rage ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. Watannin farko iska na samun wucewa ta nan, shi ya sa shawar ba ta yi kuka ba. Da hanyar ta cushe, kukan ya fito.

Wata na 5: bawul mai shigar da iska

Ya toshe mahaɗar, kicin ya koma yadda yake. Yanzu ramin ba shi da hanyar iska ko kaɗan, kuma kai bututu har rufi yana nufin fasa silin da bango a hawa biyu. Sai ya samo ƙaramin abu mai kamar murfin kwalba wanda ake ɗaurawa a kan bututu: bawul mai shigar da iska. In matsin cikin bututu ya faɗi, wani faifan roba a cikinsa ya ɗaga, iskar ɗaki ta shiga. Da matsin ya daidaita sai faifan ya koma ya rufe, wari ba ya fita. Ya ɗaura shi a kan bututun ramin, a tsayin kafaɗa. Don ya gama da warin gaba ɗaya, ya kuma bi bakin murfin ramin da gam ya liƙe shi ruf.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Masai ya daina tafiya da kyau: ruwa ya taso kusan baki, ya tsaya yana juyi, sannan ya sauka a hankali. Shawar da take ɓul-ɓul ta koma tofi. Wani abin mamaki, ranakun da masai ya tafi lafiya su ne ranakun da wari ya fi tsanani. Ya sa igiyar ƙarfe ya zuzzura bututun masai yana neman abin da ya toshe, bai sami komai ba. Ya sayo wani bawul ɗin, wai ko na farko lalatacce ne. Duk ɗaya.

Wata na 6: zuwan mai aikin famfo

Dattijon da ya zo bai taɓa komai ba sai da ya zagaya ya gani. Ya tsoma siririn tsinke a tarkon shawa ya ciro, jiƙar ba ta kai rabin inci ba. Ya haska tarkon kwamin, kusan a bushe. Sannan ya kwance bawul ɗin, ya jona wata siririyar tiyo mai haske da ya lanƙwasa kamar U, da ruwa mai launi a ciki, ya manna ta a bango kusa da ma'aunin awo. Ya cika tarkuna biyun da kofi, ya ce a ja masai.

Ruwan launin ya yi tsalle ya haura inci 2, ya tsaya yana rawa, sai shawa ta yi tofi, ya faɗo. Da injin ya tashi, ruwan ya karkata ɗaya ɓangaren, aka ji tarkon shawa yana zuƙa.

"Maigida, in ka zuba ruwa a tulu, iskar da ke ciki ina take zuwa?"

"Ta baki take fita, Malam."

"To kai ka liƙe bakin, ka sa mata ƙofar da ba ta buɗewa sai ciki."

Lissafin ba shi da wuya. Masai irin na yanzu yana sakin kimanin lita 6 a ja ɗaya. Lita 6 na ruwa in sun shiga rufaffen rami, dole lita 6 na iska su nemi waje. Iskar da ke ramin da bututunsa ba ta wuce lita 100 ba, kuma in da babu inda za ta ɓulle, matsin zai haura inci 20 na ruwa, alhali tarkon shawa inci 2 kawai yake riƙewa. Shi ne mafi rauni, shi ke ɓallewa. Ranar da tarkon kwami yake a bushe kuwa, iskar sai ta bi ta nan salin-alin: masai ya tafi sumul, ɗaki ya cika da ɗoyi. Ta ɗaya gefen, ramin mai faɗin inci 18 yana ɗaukar sama da lita 4 a kowane inci na zurfi. Injin kan sauke ruwan inci 10 a tashi ɗaya, wato fiye da lita 40 cikin ƙasa da minti guda, kuma iska daidai wannan dole ta shigo ta cike gurbin. Rabin aikin nan kaɗai bawul ɗin ya iya.

Ya auna bututun shawa daga inda tayil ya nuna, ya tambayi gangarar da aka ba shi. Nan ma akwai magana. A gangarar kwatan inci kowace ƙafa, bututu mai ƙafa 11 ya sauka inci 2¾, fiye da faɗin bututun kansa. Ma'ana ƙarshensa ya faɗa ƙasa da bakin tarkon, ruwa na iya cika shi bam, ya zama kamar tiyon da ake zuƙo mai daga tanki, ya janye ruwan tarkon a bayansa. Daga nan ne iyakar da IPC ya sa ta fito: ƙafa 8 tsakanin tarko da hanyar iska ga bututu mai inci 2, ƙafa 6 ga mai inci 1½. Ɗaya kundin da wasu yankunan Amurka ke bi, UPC, ya fi tsanani, ƙafa 5 da ƙafa 3½. Shi kuwa tarko mai siffar S, duka kundayen biyu sun hana shi, don shi da kansa yake zuƙe ruwansa duk lokacin da aka saki ruwa mai yawa. Abin da uwargida ta ji tun wata na 2 ke nan.

Daga ƙarshe ya hura hayaƙin gwaji cikin ramin. Duk da gam ɗin, wani siririn hayaƙi ya fito ta robar da wayar injin ta ratsa.

Zaɓin da aka tattauna

Maigidan ya nemi a fitar da bututun ta bango kawai, ya tsaya a waje. Tagar kicin tana kusa, kuma ƙa'ida ta ce bakin bututun iska ya nisanci taga ko ƙofa da ƙafa 10, sai dai in ya haura samanta da ƙafa 3. Hakan na nufin a ɗora shi a jikin bangon waje har sama, inda a lokacin sanyi raɓar da ke ciki za ta iya daskarewa ta toshe shi. Aka ajiye wannan.

Ya sake tambaya ko a bar bawul ɗin a kan kwamin wanke hannu kaɗai. Dattijon ya ce wannan halas ne a ƙarƙashin IPC, muddin yana aƙalla inci 4 sama da bututun da ke kwance, a inda hannu zai kai gare shi kuma iska na zagayawa. Amma tunda ramin dole ne a kai nasa har rufi, ƙarin 'yan ƙafafun bututu ne kawai za su haɗa kwamin a ciki, a huta da abin roba da zai tsufa wata rana.

Wata na 7: gyara

A wannan karon an karɓi izini. Aikin ya ɗauki kwana 4.

An fasa tayil da kankare tsiri ɗaya, faɗin ƙafa 1. Aka cire tarkon S, aka sa mai siffar P wanda ke shiga bango a kwance. A cikin bangon aka tsayar da bututu mai inci 2: ƙasansa yana ɗauke ruwan kwamin, samansa ya miƙe ya zama hanyar iska. Ƙasan ya bi ƙarƙashin daɓe ya haɗu da bututun shawa a ƙafa 5 daga tarkonta, daga nan suka gangara tare zuwa na masai. Da wannan tsari bututun kwamin yana aiki biyu. Ruwan wanke hannu kaɗan ne, ba ya cika inci 2, don haka rabin sama na bututun kullum iska ce, kuma ta nan shawa da masai suke shaƙa. Ƙa'ida ta yarda da haka ga kayan banɗaki da ke hawa ɗaya, shi ya sa aka faɗaɗa bututun daga inci 1½.

Bututun iskar ramin, shi ma inci 2, ya tashi daga murfi a tsaye. An haɗa shi da na kwamin a ƙarƙashin silin, can sama da iyakar da aka gindaya ta inci 6 sama da bakin kwami. Dalilin iyakar: in wata rana magudana ta toshe ruwa ya taso, ya malalo ta bakin kwami inda za a gani, kada ya sami hanyar kwanciya cikin bututun iska ya bar datti. Wasu yankunan suna wajabta wa ramin inji bututunsa shi kaɗai har waje. An tambayi jami'in, ya ce a nan an yarda a haɗa.

Hanyar hawa ita ce abin da maigidan ya fi tsoro, sai ta zo da sauƙi. Kabad ɗin bango na hawan ƙasa da na sama suna kan juna. Aka huda kusurwarsu, bututun ya wuce ta ciki, aka rufe shi da katako. A sararin da ke tsakanin silin da rufi aka jona shi da tsohon bututun iska mai inci 3, wanda dama ya ratsa rufin. Kafin a yanka, dattijon ya sa aka saki ruwa a kowane famfo na gidan ɗaya bayan ɗaya yana riƙe da bututun, duk da cewa a wannan tsayin babu abin da ke sama da shi. Duk inda sabon bututun ya kwanta an ba shi 'yar gangara zuwa ƙasa don raɓa ta koma magudana. Tsawonsa duka ƙafa 31.

An kankare gam ɗin da ke murfin, aka sa sabuwar robar baki da ta waya, aka ɗaure da kusoshinsa. Jami'in ya zo kafin a zuba kankare. Aka toshe bututun, aka cika su da ruwa har tsayin ƙafa 10, aka bar su minti 15, ruwan bai sauka ba.

Wata na 8 zuwa na 12

An maimaita gwajin tiyon launi. Da jan masai da tashin inji, ruwan bai motsa kwatan inci ba. Tsinke a tarkon shawa ya fito da jiƙar inci 2 cif, bayan an yi wanka kuma an ja masai sau uku a jere.

A wata na 11 wari ya ɗan dawo, hankalin gidan ya tashi. Ɗakin ya yi makonni babu kowa, na'urar ɗumama gida kuma tana ta busar da iska, ruwan tarkon shawa ya ƙafe. Aka zuba jug ɗaya, shi ke nan.

Inda laifin yake

Kurakurai huɗu ne suka hau kan juna, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Tarkon S da bututun shawa mai tsawo su ne tushen warin tun ranar farko, kuma da an kai zanen ofishin izini da a kan takarda za a kama su, kafin a fasa ko da tayil ɗaya. Jona ramin da bututun kicin kuskure ne na gaggawa wanda guga ɗaya na ruwa daga sama zai hana. A ganina waɗannan ukun duk mai koyo zai iya faɗawa ciki.

Na huɗun, wato sa wa ramin bawul da liƙe murfinsa, ya fi ba ni sha'awa, domin a nan maigidan ya yi tunani, tunanin ne ya tsaya a rabi. Ya ɗauki bututun iska a matsayin abin da ke ba ruwa iska don ya gudu, kuma a kan kwami ɗaya hakan kusan gaskiya ne, shi ya sa bawul ke aiki a can. Amma ko a can yana aiki ne don wani wuri a gidan akwai buɗaɗɗen bututu har rufi da ke sakin matsin da ya taru, kuma ƙa'idar da ta halatta bawul ɗin ita ce ta wajabta wannan. Ramin inji a yanke yake daga sauran gidan: bawul mai hana komawa ya rufe shi ta gaba, tarkuna sun rufe shi ta baya. Kafin a liƙe murfin, ɓarakar da ke bakinsa ce ke yin aikin fitar da iska a ɓoye, tana zuba ta cikin ɗaki. Gam ɗin da ya sa don kashe wari shi ya toshe hanya ta ƙarshe.

Bilic, zoben kaki, igiyar ƙarfe da bawul na biyu duk an saye su ne kafin a auna komai. Tsinke da tiyon launi sun nuna matsalar cikin rabin awa. Tayil ɗin da aka maye a tsirin da aka fasa bai zo daidai da launin tsohon ba, kuma kabad biyu sun rasa kusurwa mai faɗin inci 4.